Ƙullin Kaba a Bayan Dutse

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya haskaka makwancinka. A makaranta an koya mana cewa kowace wasiƙa tana son adireshi a sama da kan sarki a bayan ambulan. Wannan ba ta da ko ɗaya. Na san ba za ka karanta ta ba. Ko da kana da rai ma, boko ba karatunka ba ne, sai dai in zauna nesa kaɗan in karanta maka, kaina a sunkuye. Amma magana ta cika mini ciki, kuma a gidan nan babu wanda zan iya ɗaga ido in faɗa wa. Shi ya sa na zo wurinka.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda kake so a yi maka in ka dawo daga tafiya. Inna ta fita takaba. Ta rame, amma tana cin abinci. Ƙanwata Ige ta fara famfara, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Jar akuyarka ta haihu. Ruwa ya sauka da wuri bana, geron gonar tudu ya fi ni tsawo, har ya fara fitar da kai. Katangar zaure ta gefen gabas ta zube da ruwan farko, ba a gyara ba tukuna. Shamuwa sun dawo kan tsamiyar masallaci, sun cika wurin da ƙazanta kamar kullum, kuma kamar kullum ba wanda ya jefe su. Ƙanenka, Baffa Labbo, shi ne yake riƙe da gidan yanzu, shi yake noma gonakinmu, makullin rumbu yana hannunsa.

Saura labarin dajin dutse. Shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna yadda kake yi kowace shekara? Ranar da aka ga shamuwa ta fari, sai ka yanko ganyen kaba, ka kira liman ya yi addu'a, ka je gindin aduwar nan ta bakin hanya ka ɗaura ƙulli. Daga ranar an ɗaure daji ke nan. Ba harbi, ba tarko, ba saran itace, ba kiwo, sai bayan an yi girbi ka je ka kwance da hannunka. Wani ɗan birni ya taɓa cewa abin tsafi ne, ka yi dariya ka ce ba komai cikin kaba sai kaba, alama ce kawai tsakanin mutanen da suka yarda da juna. Ka ce tsuntsayen dutse ba su da itace mai tsawo da za su ɓoye ƙwai. Fakara da zabin daji da yautai da tuje duk a ƙasa suke sakawa, ƙarƙashin sabara ko geza, inda kofaton saniya guda zai gama da su. In an sare sabarar, rana ta dafa ƙwan. In an harbe uwar, ba a kashe guda ba, an kashe gida. Kai da kake sarkin baka, wanda ya fi kowa cin moriyar harbi, kai ne kake rataye bakanka duk damina.

Ni ba a taɓa shiga da ni ciki ba, ko da rani. Amma da sassafe, in ruwa ya kwana, kakan ɗora ni a kafaɗa mu tsaya daidai aduwar, ba mu ƙara taki ba. Kakan nuna mini can saman fako, inda jan dutse ya yi shimfiɗa, sai in ga wani farin abu yana kumbura yana sauka tsakanin ƙayoyi. Namijin tuje ne ya hura wuya yana kiran mata. Ba ma magana. Ni ɗiyar fari ce, akwai kunya tsakaninmu, ko sunana ba ka faɗa sai Uwani, don sunan mahaifiyarka na ci. Ban taɓa gaya maka ba, Baba, amma duk abin da na gani a birni, da fitilar lantarki da jirgin sama da ya wuce ta saman makarantarmu, ba wanda ya kai wannan farin wuyan a wurina.

Akwai wani abin kuma da ban gaya maka ba. Na iya ƙullinka. Ina kallon yatsunka duk shekara, yadda kake tsaga ganyen gida uku, ka kitsa kamar kitson mata, sannan ka lanƙwasa bakin ya dubi ƙasa. Ba wanda yake yin irinsa. A makaranta, in an ba mu zare a ajin ɗinki, nakan yi shi a ƙarƙashin tebur in kewar gida ta dame ni, sai in warware kafin malama ta iso kaina. Na so in nuna maka. Kunya ta hana ni, sai na ce bari sai wani hutun.

Wancan hutun da na zo na tarar da kai kwance, ina zaune ina yi maka fifita lokacin da ka sa aka kira Baffa. Ina jin wataƙila ka manta ina wurin, don mutane sukan manta ina wuri. Tari yana tsinka maka magana, amma ka kama hannunsa ka ce ba ka jin za ka ga shamuwar bana, ka bar masa daji amana. Ka ba shi wuƙarka, ka nuna masa kan burtunka a jikin bango, wannan na itace mai jajayen idon zakara da kake ɗaurawa a goshi ka yi rarrafe cikin baƙin zane har ka kusanci nama. Ka ce kada ya sauko da shi sai an kwance daji, domin tsuntsaye sun yarda da burtu, kuma ba a cin amanar mai ƙwai. Baffa ya yi kuka. Na ga hawayensa da idona, har suna ɗiga a kan hannunka. Ya ce in dai yana numfashi, ƙulli ba zai fasa hawa aduwa ba. Bayan na koma makaranta aka aiko mini cewa ka rasu.

Duk zangon nan, in na gama yi maka addu'a sai in yi wa Baffa. A ajin ɗinki na yi masa hula, na daɗe ina yi, na warware ta sau da yawa don kada a ga kuskure.

Da aka ba mu hutu, lori ya sauke ni a Bodinga, na samu 'yan garinmu da suka ci kasuwa muka taho tare. Kafin in shiga gida na ce su tsaya, na ratsa ta wajen aduwa. Ƙulli yana nan, Baba. Ba irin naka ba ne, ɗauri ne kawai sau biyu kamar na bakin buhu, amma yana nan. Na tsaya na yi kuka don daɗi. Da na isa gida na durƙusa a gaban Baffa na miƙa masa hular, na ce Allah Ya saka masa da alheri, ban iya ƙarawa ba. Ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya ce 'yar boko ta iya ɗinki. Yana sanye da wata riga ta kaki mai aljihu huɗu wadda ban san shi da ita ba. Da la'asar aka aiko mana da akushi daga sashensa, tuwo da miya da nama mai yawa, wai na maraba da ni. Aka ce naman zabo ne. Na ga tsokar ta yi girma, ta kuma yi duhu, amma yunwar hanya tana cina, na ci na ƙoshi. Inna ba ta ci ba. Ta ce cikinta ne.

Washegari da sassafe na je gindin aduwa. Dajin ya yi kyau ƙwarai, sabara ta yi kore shar, magarya ta cika, ba alamar gatari ko guda. Mata sun kiyaye. Na gan su da idona suna wucewa da gammo, suna tafiya har wajen Lambara neman itace, ga shi kuwa a gabansu. Amma shiru ya yi yawa. Da, kafin rana ta fito fakara sun cika wurin da hayaniya. Na daɗe a tsaye kafin in ga farin wuya guda, can nesa. Guda kawai. Na ce wa kaina wataƙila don yanzu a ƙasa nake tsaye, ba a kafaɗarka ba.

Dije ce ta buɗe mini ido, Bafulatanar nan mai kawo mana nono, wadda kake tsokana kana cewa ruwan ƙwaryarta ya fi nonon yawa. Ta yi mini gaisuwar rashinka, ta yi kuka sosai. Sannan ta dube ni a karkace ta ce ita dai tana son 'yar makaranta ta warware mata wani abu: shin ɗaurin bana na shanu ne da matan itace kaɗai, ko kuwa don mota ba ta iya karatun kaba ba? Ban gane ba. Ta ce saboda ƙullin nan mazansu suna kewayawa da shanu ta bayan dutse, tafiya mai nisa, har 'yan maruƙa suna faɗuwa. A can suke ganin abin da 'yan gari ba sa gani. Ta ce in ina da ƙafa in bi ta.

Na bi ta. Muka kewaye dutsen ta waje, ba mu taka cikin daji ba. A bayan, inda kwazazzabo ya buɗe, na ga sawun taya, sabo a kan tsoho. Na ga an sare geza an buɗe hanya. Na ga kwanson harsashi ja a cikin ciyawa, da toka inda aka dafa shayi, da gashin tsuntsu an tara a gindin kalgo, ruwa ya dake shi ya manne. Na ɗauki guda. Ya kusa tsawon hannuna. Ba zabon da yake da irin wannan gashin, Baba. A nan na gane abin da na ci ranar da na dawo, na juya na yi amai, Dije tana riƙe mini kallabi.

Ta ce wasu Turawa ne masu sha'awar harbi suke zuwa daga birni ranar hutunsu. Baffa yake tarbarsu. Shi yake ɗaura kan burtunka, ya yi rarrafe ya gano inda tuje suke, ya koro su a hankali zuwa bakin bindiga. 'Yan dakon kuma daga wajen Dingyaɗi yake ɗauko su, ya ce musu wannan gefen ba ya cikin ɗauri, ai ga shi ba ƙulli. An yi masa alkawari za a faɗi sunansa a sama, a ba shi aikin gadin daji na hukuma. Rigar kakin somin-taɓi ce.

Gadin daji, Baba. Ka ji?

Da a ce ya ƙi ɗaurawa, ya ce shi ba zai iya ba, da na yi baƙin ciki na haƙura. Amma ya ɗaura. Ya kira liman, aka yi addu'a, ya ɗaura don mutane su kauce, daji ya yi shiru, tsuntsaye su saki jiki su zauna a kan ƙwansu, baƙinsa su same su cikin sauƙi. Da amanarka ya yi tarko. Da biyayyar matan garinmu ya yi shinge. Hawayen nan da suka ɗiga a hannunka, na mene ne? Tun a lokacin ya san abin da zai yi, ko kuwa daga baya rigar ta yi masa kyau? Ina ta juya wannan a raina, ban san wanne ya fi ciwo ba.

Malamarmu ta kimiyya, Baturiya ce, ta taɓa nuna mana hoton wani tsuntsu ɗan'uwan tuje a littafi. Ta ce a ƙasarsu da akwai shi, amma harbi da faɗaɗa gonaki sun ƙarar da shi, ta faɗa da tausayi har muka ji. To su da suka san haka, me ya kawo su namu? Amma ba zan ɗora musu duka ba. Baƙo bai san kaba ba. Baffa ya sani. Kai ka koya masa.

Da na koma gida na dubi bangon ɗakinka. Maratayin yana nan, kan burtu ba ya nan, sai inuwar siffarsa a jikin yaɓe. Na je wurin Inna tana tankaɗe, na ajiye gashin a gabanta. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce in ɗauke kafin wani ya shigo. Ta ce in tuna hatsin da muke ci a hannun wa yake, in tuna Ige ƙarama ce, in tuna ni mace ce kuma yarinya. Ta sani tun farkon damina. Ta bar ni na durƙusa na yi godiya, ta bar ni na ci naman. Ba na son in yi fushi da ita. Amma na yi, Baba, kuma har yanzu bai sauka duka ba.

Na yi tunanin in je in faɗa wa liman, ko in tsaya a bakin rijiya in gaya wa mata. Ka san ni, in mutum uku suka dube ni murya takan ɓace mini. Amma ba kunya kaɗai ta hana ni ba. In matan nan suka ji cewa duk wahalar da suka sha ta banza ce, gobe da safe za su shiga da gatura, kuma wa zai ga laifinsu? Fulani su saki shanu. Kafin kaka a gama da sabara da geza, baɗi kuma ko wa ya ɗaura kaba dariya za a yi masa. In na yi magana, ƙulli ya mutu. In na yi shiru, tsuntsaye su ƙare a bayansa. Me za ka yi in kai ne? Amma in kai ne ai ba za a zo nan ba.

Ranar jajibirin zuwan Turawan, da hantsi, na yanko kaba. Dije ta raka ni bayan dutse. A bakin hanyar da suka buɗe akwai wata 'yar aduwa da gatarinsu ya bari. Na tsaga ganyen gida uku, na kitsa, na lanƙwasa bakin ya dubi ƙasa. Na farko bai yi kyau ba, sai da na sake. Ba liman, sai na karanta Fatiha ni kaɗai, Dije ta shafa. Ban sani ba ko ya halatta mace ta ɗaure daji. Ba a taɓa yi ba. Amma na ga ba sabon ɗauri na yi ba, naka ne na kai inda aka ce bai kai ba.

Washegari na tsaya cikin shanun su Dije, can nesa, na lulluɓe da zane. Mota ta zo ta tsaya. 'Yan dako suka sauko, babbansu wani dattijo mai furfura ya taka zai wuce, sai ya ga aduwar. Ya tsaya. Ya matsa ya duba sosai, ya kira sauran. Ban ji me suka ce ba, amma daga baya Dije ta ji daga bakinsu cewa dattijon ya ce wannan hannun marigayi ne, ya san shi tun suna samari, shi kuwa ba zai tsallake ba ko za a ba shi motar. Suka ajiye kaya a ƙasa, suka kama hanyar gida da ƙafa. Ko waiwaye ba su yi ba.

Baffa ya daɗe a gaban ƙullin. Hular da na ɗinka masa ce a kansa. Turawan suna duba agogo, ɗayansu yana dariya. Ina cewa a raina yanzu zai tuna, yanzu zai juya. Ya ɗaga hannu ya taɓa kitson da yatsa, a hankali, kamar yadda ake taɓa fuskar mara lafiya. Wallahi na ɗauka shi ke nan. Sai ya zaro wuƙarka ya yanke shi. Ya ɗauki kayan da 'yan dako suka bari ya saɓa da kansa, suka shiga.

Na ji ƙarar bindiga sau biyu. Ba su daɗe ba suka fito, amma shanu sun matsa da ni, ban ga abin da suka saka a mota ba. Tun ranar ba su sake zuwa ba. Dije ta ce ba a samun 'yan dako, labari ya bi garuruwa tsakanin maharba, kuma su sun iya riƙe magana, ba ta kai bakin rijiya ba. Mata suna nan suna zuwa Lambara. Ban sani ba ko wannan nasara ce. Baffa ba ya amsa gaisuwata. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Kan burtu bai dawo bango ba. Jiya ya aiko cewa an shirya jakin da zai kai akwatina bakin hanya, alhali da sauran kwanaki kafin a buɗe makaranta.

Kowace safiya tun ranar ina zuwa gindin aduwa in dubi saman fako. Ban sake ganin farin wuyan ba. Wataƙila ya tsorata ya koma can ciki. Wataƙila lokacin kiransa ne ya wuce. Wataƙila shi ne a motar. Yau da safe, da na san ita ce ta ƙarshe, na tsaya har rana ta yi zafi. Ba kowa a wurin. Tafiya kaɗan ce zuwa fakon, da na je na duba ko akwai jini, ko sawu, ko mace a kan ƙwai ƙarƙashin geza, da na tafi makaranta da sani. Har na ɗaga ƙafa.

Ban shiga ba, Baba. Daji a ɗaure yake.

Gobe zan tafi. Na saka ganyen kaba a ƙasan akwatina, don kada hannuna ya manta kafin shamuwar baɗi. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ɗiyarka ta fari,
Kulu, wadda kake kira Uwani